Ƙibar Yara 'Yan Firamare: Daga Ina Take Farawa?

Tunda an gama zubi, an ƙidaya kuɗi, masu makulli sun rufe akwati, ina roƙon ku ara mini minti ashirin kafin kowa ta koma kan tukunyarta.

Maganar yau a kan ƙibar yara ce, musamman 'yan shekara biyar zuwa goma sha biyu, masu zuwa firamare. Na san akwai wadda ta ce a ranta, a wannan tsadar rayuwar da ake fama da abin sawa a baki, wa yake ta ƙiba? Gaskiyarki. A yankinmu har yanzu tamowa da rama sun fi yawa, kuma ba mu daina magana a kansu ba. Amma gobe da safe ki tsaya a ƙofar makarantar unguwarku ki kalli yara suna shiga. Za ki ga ramamme, za ki ga kuma wanda rigar makaranta ta matse shi, yana haki kafin ya kai aji. Wani lokaci ma gida ɗaya suka fito.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 1990, cikin yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19, takwas ne cikin ɗari nauyinsu ya wuce ƙima. A 2022 sun kai ashirin cikin ɗari, wato ɗaya cikin biyar. A ƙidaya sun haura miliyan 390, kuma miliyan 160 daga cikinsu ƙibar ta kai matakin da likitoci ke kiranta cuta. A 2025 UNICEF ta sanar cewa a karon farko masu ƙiba sun fi ramammu yawa a cikin yara 'yan makaranta na duniya. Yankuna biyu ne kawai abin bai kai haka ba, namu na Afirka kudu da Sahara da kuma kudancin Asiya. Ke nan muna da sauran lokaci, kuma shi ya sa gara mu yi maganar tun yanzu.

Ba kowane ɓul-ɓul ne lafiya ba

Mu nan in yaro ya yi kumatu sai mu ce tubarkalla, uwarsa ta iya kiwo, gidansu akwai hutu. In ya rame kuwa, uwar ake kallo, har dangin miji su fara magana. Wannan ne ya sa kowace uwa take so a ga ɗanta ya ciko. Ban ga laifin kowa ba, haka muka taso muka tarar.

Sai dai ido ba ya auna lafiya. A asibiti ana ɗora yaro a sikeli, a auna tsawonsa, a duba shekarunsa, sannan a gwada da jadawalin girman yara. Da haka ake sanin ko nauyinsa ya yi daidai da tsawonsa, ko ya gaza, ko ya wuce. Yawancinmu daga an gama rigakafi mun daina kai yaro awo. Ɗan firamare ma yana bukatar a auna shi, ko da sau ɗaya ne a shekara.

Ku kuma lura, kumburi daban, ƙiba daban. In kika ga ƙafafun yaro da fuskarsa sun cika, ki danna bayan ƙafarsa da babban yatsa, ki ƙirga ɗaya, biyu, uku, ki ɗaga. In wurin ya lotsa bai taso nan da nan ba, ruwa ne ya taru, kuma yana iya zama tamowa mai tsanani ko ciwon ƙoda. Wannan a ranar ake kai shi asibiti, ba a jiran gobe.

Ita kuwa ƙiba, illarta ba ta fitowa da wuri, shi ya sa ake raina ta. Yaron da ya taso da ita yakan girma da ita. Tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini, cututtukan da a da muke cewa na manya ne. Tana kawo ciwon gwiwa, da minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin barci, yaro ya wayi gari yana gyangyaɗi a aji. Ga tsokanar abokai, wadda kan sa yaro ya daina shiga wasa, ƙibar ta ƙara samun wurin zama. Akwai wata alama da nake so ku riƙe: in bayan wuyan yaro mai jiki ya yi baƙi ya yi kauri, kin dirza da soso ya ƙi fita, wataƙila ba dauɗa ba ce. Yana iya zama alamar jiki ya fara wahala wajen sarrafa sukari. Ki kai shi a duba.

Kuɗin tara

To daga ina abin yake farawa? Wuri na farko shi ne hannunmu, lokacin da muke miƙa wa yaro kuɗin tara da safe. Daga ya fita ƙofa ba mu san me kuɗin nan suka zama ba. A bakin makaranta kuwa abin da ke jiransa shi ne alawa, biskit, cincin, fanke, askirim, lemon roba da na leda. Su ne masu arha, su ne masu kala, su ne kuma yake gani ana talla a talabijin.

Na zo da kwalbar lemo, irin wadda aka rubuta 35cl a jikinta, da sukari da ƙaramin cokalin shayi. Inna, don Allah riƙe mini wannan kofi. Ku taya ni ƙirgawa. Ɗaya, biyu, uku... har tara. Kusan abin da ke cikin wannan kwalba ɗaya ke nan, cokali tara. Babbar robar nan ta 50cl takan kai cokali goma sha uku. Wacece a cikinmu za ta zuba cokali tara na sukari a kofi ta miƙa wa ɗanta? Babu. Amma in yana cikin kwalba muna miƙawa, har mu ji mun kyauta masa.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, in da hali, sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin cokali shida a yini ga babban mutum. Na yaro bai kai haka ba. Ke nan kwalba ɗaya ta wuce rabon babba na yini guda, tun ba a lissafa shayin safe da biskit ba. Matsalar zaƙin da ake sha ita ce ba ya ƙosarwa. Yaro zai shanye, ya dawo gida ya ci tuwonsa daidai, abin da jiki bai yi aiki da shi ba ya adana shi a matsayin kitse. Gwamnatin tarayya ma ta san da haka, domin a 2022 ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Amma naira goma ba za ta hana ɗanki saye ba, ke ce za ki iya.

Masu iya karatu, ku riƙa duba bayan kwalba ko kwali. Ana rubuta giram nawa na sukari ke ciki, galibi a kowane 100ml. Giram huɗu shi ne cokalin shayi ɗaya. Wanda aka zana wa hoton lemo ko mangwaro a kwali, ko yogot mai zaƙi, sau da yawa sukarinsa bai gaza na lemon kwalba da wani abin kirki ba. Zoɓo da kunun aya na gida ma, in aka cika musu sukari, sun zama ɗaya da na kanti.

Abin da ke faruwa a cikin gida

Wuri na biyu shi ne tukunyarmu. Da safe ana sauri, sai a dafa indomi, ko a haɗa shayi da sukari cokali uku da burodi. Wani yaron ma ba ya karyawa, sai a ƙara masa kuɗi a ce ya saya a can. Yaron da ya fita da yunwa, abin da ya fi zaƙi da maiƙo shi zai fara kai wa hannu. Da rana shinkafa da mai da yaji, da dare taliya. Cikin ya cika, amma babu ganye, babu wake, babu ɗan itace ko ɗaya. Irin wannan yaro yana iya yin ƙiba alhali jininsa bai isa ba.

Akwai kuma ɗabi'un da muke yi da kyakkyawar niyya. Muna zuba wa ɗan shekara bakwai abinci kamar na babansa, mu ce sai ya cinye kafin ya tashi. A hankali sai ya daina jin lokacin da cikinsa ke ce masa ya isa. In ya yi kuka, alawa. In ya ci jarrabawa, lemo. In za mu fita unguwa ba da shi ba, biskit. Sai yaro ya taso ya haɗa zaƙi da soyayya. Iyayenmu kakanni da ke nan, ku yi haƙuri, na san jika abokin wasa ne, amma alawar da ke ƙulle a bakin zani ita ma tana cikin lissafi.

Zama da rashin barci

Na uku shi ne zama. Mu da muke nan, wacece ba ta yi gaɗa a dandali ba? An yi 'yar gala-gala, an yi tsallen igiya, maza sun yi langa da ƙwallo, an je makaranta a ƙafa, an ɗebo ruwa. Yaron yau a gari, A Daidaita Sahu ne ke ɗaukarsa daga ƙofar gida ya sauke shi a ƙofar makaranta. Makarantun kuɗi da yawa a gidan haya suke, babu fili ko na tsalle ɗaya. Ya dawo ya ci abinci, ya tafi Islamiyya ya zauna, ya dawo ya karɓi wayarki ko ya zauna gaban talabijin. In kika lissafa, daga asuba zuwa isha bai yi gumi ba.

Abin da masana lafiya suka ce shi ne yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, irin wanda zai sa numfashinsa ya ɗaga. Ba sai a lokaci ɗaya ba. Tafiya makaranta, shara, aike, wasan guje-guje, duk suna shiga. Na san wasu suna tsare yara a gida ne saboda tsoron abin hawa da halin tsaro, kuma tsoron yana da dalili. To a samu tsakar gida ko lungun da babba yake gani. Kuma kada a manta da 'ya'ya mata. Namiji yakan samu ya fita ƙwallo, ita kuwa daga ta kai shekara tara sai a ce ta girma ta zauna.

Na huɗu barci. Ɗan firamare yana bukatar awa 9 zuwa 12 a kowane dare. Yaron da ke kallo har sha ɗaya, a tashe shi da asuba, barcinsa bai isa ba. Rashin barci yana ƙara jin yunwa da kwaɗayin zaƙi, ga kasala da rana.

Abin da yaro ya zo da shi

Wata za ta ce, mu a danginmu haka muke, gado ne. Akwai gaskiya a ciki. In uwa da uba suna da jiki, ɗansu ya fi saurin yin ƙiba. Amma ku tuna ba jini kaɗai ake gada ba, har da tukunya da yadda ake zama. Mai gadon ƙiba shi ya fi bukatar a kula masa da wuri.

Wani abin tun daga ciki yake farawa. Uwar da sukarinta ya hau lokacin goyon ciki takan haifi jariri mai nauyi sosai, kuma irin wannan yaro ya fi fuskantar ƙiba daga baya. Wannan na cikin amfanin zuwa awo. Shayar da nono zalla na wata shida, a ci gaba da bayarwa tare da abinci har shekara biyu, yana rage haɗarin. Sannan yaron da ya tsumbure yana ƙarami saboda ƙarancin abinci, in daga baya aka cika shi da zaƙi da maiƙo don a rama masa, faɗi yakan yi maimakon tsawo.

Sai maganar da ta fi damuna, maganin ƙiba. Akwai masu zuwa kemis su sayo ruwan maganin buɗe ciki, ko ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, su ba yaro don ya yi kumari. Iyayena, waɗannan ƙwayoyi magani ne na wasu cututtuka, likita ne kaɗai ke rubuta su. Cikar fuskar da suke kawowa illarsu ce. Suna raunana garkuwar jiki, suna ta da sukari, suna hana yaro tsawo. In akwai wadda ta daɗe tana ba ɗanta, kada ta tsayar rana ɗaya, domin yankewa kwatsam ma haɗari ne. Ta kai shi asibiti ta faɗi gaskiyar abin da take ba shi, su za su nuna yadda za a janye a hankali.

Mu ne masu sayarwa

Yanzu bari in taɓo inda yake mana ciwo. Wa yake sayar da alawa da fanke da zoɓo a bakin makarantun nan? Mu ne. Da yawa a cikinmu da rancen wannan akwati muka ja jari, da ribar muke zubi, da ita muke sayen littafi da sabulu. Ba zan tsaya a nan in ce kowa ta bar sana'arta ba, don ban da abin da zan ba ta a madadi.

Abin da nake roƙo shi ne mu gyara farantin. Mai zoɓo ta rage sukari kaɗan-kaɗan, mako bayan mako, ta ƙara citta da kanumfari ko abarba. Harshe yana sabawa, kuma sukarin da kika rage riba ce ta zauna a hannunki. Mai fanke ta ajiye dafaffiyar gyaɗa ko gurjiya a gefe. Alala, ɗanwake, dafaffen ƙwai, dafaffiyar masara, dankalin Hausa, kwaɗon zogale, duk abinci ne da yara suka sani. Lokacin mangwaro a yanka mangwaro, lokacin gwaiba gwaiba, ga kankana, karas, aya da goruba. A wanke da ruwa mai tsabta, a rufe saboda ƙuda, a ƙulla daidai kuɗin da yaro ke riƙewa. In mace ɗaya ce ta canza, yara za su wuce ta su tafi wurin ta kusa. Amma in mu biyar ko shida da ke bakin makaranta ɗaya muka haɗa baki, abin da muka kasa shi za a saya. Wadda take so ta gwada sabon kaya tana iya neman ƙaramin rance a zaman ba da rance mai zuwa, ta fara da kaɗan ta ga yadda kasuwa za ta karɓa.

Ga kuma lissafi, tunda mu mutanen lissafi ne. A ce kina ba yaro naira 200 kullum yana shan lemo. A kwana biyar naira 1,000 ke nan. A zangon karatu na mako goma sha uku, naira 13,000. A zango uku, naira 39,000, a kan yaro ɗaya. In suna uku fa? Ko rabin wannan kika mayar gyaɗa da ƙwai daga gida, sauran kika sayi hannun jari da shi, za ki ga bambanci ranar rabo. Ku tuna kuma sau nawa muka buɗe asusun taimakon juna saboda wata tana jinyar mai ciwon sukari ko hawan jini. Kun san kuɗin maganin nan ba ya ƙarewa, kowane wata ne.

In ɗanki ya riga ya yi ƙiba

Kada ki hana shi abinci, kada ki sa shi yunwa, kada ki ba shi shayin rage teɓa ko wani jiƙo. Yaro yana kan girma ne. Sau da yawa abin da ake so shi ne nauyin ya tsaya wuri ɗaya, tsawo ya kamo shi. Kada ki kira shi da sunan tsokana, kada ki bari 'yan uwansa su kira shi. Kunya ba ta rage ƙiba, sai dai ta koya wa yaro ci a ɓoye. Kuma kada a ware shi da kwanonsa daban yana kallon sauran suna shan lemo. Gyaran na gida ne gaba ɗaya, har da maigida, domin sau da yawa shi ne ke shigowa da leda da dare. Ki zaunar da shi cikin ladabi, ki nuna masa cokali taran nan kamar yadda na nuna muku, ki ce in zai yi tsaraba ya riƙo lemon ɓawo ko ayaba.

Kafin zama mai zuwa

Abu uku nake so kowa ta gwada a wannan mako. Na farko, ki tambayi ɗanki me ya saya da kuɗin tara, kullum har kwana biyar, ba da faɗa ba, ki riƙe a ka ko ki sa a rubuta miki. Na biyu, ki ba shi ruwa a gora ya tafi da shi, lemon kwalba ya koma na ranar Sallah da biki. Na uku, ki ware lokaci bayan la'asar ko kafin magariba, a ajiye waya, a kashe kallo, yara su yi wasan da zai sa su gumi. Wadda ɗanta ya daɗe ba a auna shi ba, ta biya asibitin unguwa a ɗora shi a sikeli.

In mun dawo, bayan an gama zubi, kowa za ta faɗi abin da ta gani, da inda abin ya yi mata wuya. Masu sana'a a bakin makaranta kuma ina roƙon ku tsaya minti biyar bayan addu'a mu tsara wa za ta kawo me. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, ya sa albarka a abin da muke tarawa. Shugaba, na dawo miki da zama.